Alƙalin da Ba Ya So a Yarda da Shi da Wuri

Ina kan kujerar shari'a da hantsin ranar Talata, wani lauya yana tsaye yana kawo bayani a kan rigimar fili, sai na ga rajistara ya tashi daga mazauninsa ya zagayo ta bayana. Ba al'adarsa ba ce, don haka tun kafin ya buɗe baki gabana ya faɗi. Ya sunkuyo ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu aka aiko daga Zawaciki. Allah ya yi wa Malam Hamisu rasuwa." Na yi salati, ashe a fili na yi, domin lauyan ya katse maganarsa, kotu ta yi tsit. Na ɗage zama, na tuɓe rigar shari'a, na kama hanya. Ko da na isa har an gama yi masa sutura. Muka sallace shi bayan azahar a filin ƙofar gidansa, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin, ba nisa da gonar da ya koma yana nomawa tun da ya yi ritaya.

Tun daga ranar mutane da dama sun yi magana a kan iliminsa, da tsoron Allahnsa, da yadda ya gama aiki hannunsa bai taɓa abin kowa ba. Duk gaskiya ne, kuma waɗanda suka faɗa sun fi ni sanin wasu sassan rayuwarsa. Abin da ni zan iya ba da shaida a kai ya faru ne a wani ɗan ɗaki da ke bayan kotu, mai tebur ɗaya da kujeru uku da tsohuwar fanka, inda muka yi shekaru muna shiga mu rufe ƙofa mu yi shawara kafin mu fito mu yanke wa bayin Allah hukunci. Jama'a hukuncin kawai suke ji, ba su san yadda aka kai gare shi ba. Ni a wannan ɗakin na san Malam.

A wancan lokaci, idan aka ɗaukaka ƙara daga kotun yanki zuwa Babbar Kotu, mutum uku ke zama su saurara: alƙalai biyu da suka karanci dokar Turawa, da alƙali ɗaya daga ɓangaren shari'ar Musulunci. Shugaban zamanmu shi ne Mai Shari'a Bulus, mutumin Filato, Kirista, dogo mai kaifin harshe, wanda ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Malam Hamisu shi ne na ɓangaren Shari'a, kuma ya girme mu duka. Ni Nasiru, ni ne ƙaraminsu, sabon naɗi, ban ma gama sabawa da nauyin rigar ba.

Ranar da muka fara zama tare, bayan mun gama sauraron lauyoyi mun shiga ɗakin shawara, Mai Shari'a Bulus ya dubi Malam ya ce, "Bismillah, Malam, ku ne babba."

Malam ya girgiza kai. Ya ce, "A'a, Malam Nasiru ya fara. In na riga shi magana, kunya za ta hana shi saɓa mini, mu yi asarar abin da ke kansa. Ai ba don mu yi wa juna rakiya aka zaunar da mu mu uku ba."

Haka muka ɗore har muka rabu: ƙarami ya fara, Malam ya biyo, shugaba ya rufe.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba Mai Shari'a Bulus haushi. Idan bakinmu ya zo ɗaya ba tare da wata gardama ba, maimakon ya yi murna sai ya gyara zama ya ce, "In kuka yarda da ni da wuri, tsoro nake ji. Bari in zama lauyan wanda za mu kayar." Sai ya ɗauko hujjar mutumin nan ya gina ta da kyau, sau da yawa fiye da yadda lauyansa ya gina ta, ya ajiye mana ya ce mu rushe. In mun rushe, ya ce alhamdulillahi, a rubuta. In mun kasa, to zama bai ƙare ba. Wata rana Mai Shari'a Bulus ya dubi agogo ya ce, "Malam, yunwa fa nake ji." Malam ya ce, "Mai Shari'a, kai in ka makara abinci ne zai huce. Shi kuwa wancan, in muka yi gaggawa, shekarunsa ne za su tafi."

Da girmansa ya koyi Turanci, kuma bai taɓa jin nauyin tambaya ba. Yakan ɗora yatsa a kan kalma ya ce, "Malam Nasiru, me Turawa ke nufi da wannan? Kada ka ba ni fassara, ba ni misali." In na ba shi, sai ya gaya mini inda malaman fiƙihu suka yi magana mai kama da ita, da inda suka rabu da Turawa, da dalilin rabuwar. Ban taɓa jin ya ce nasu ya fi ko namu ya fi don ya rufe bakin wani ba. Abin da yake bi shi ne wace hanya ce za ta kai mu ga gaskiyar abin da ya faru tsakanin mutanen da ke gabanmu.

Shekarun nan ne masana'antu suka cika Bompai, suka tsallaka Sharada, suka kai har Challawa. Da safe sai ka ga hanyoyi sun cika da kekuna da motocin haya, samari da magidanta daga ƙauyukan Kano, da Gumel da Haɗeja, da mutanen Nijar, da na kudancin Zariya da Filato, kowa ya nufi bakin injinsa. Tare da su sababbin rigingimu suka riƙa shigowa kotu, irin waɗanda iyayenmu ba su sani ba. A cikinsu akwai ɗaya da ba zan manta ba, kuma ita ce ta fi nuna mini ko wane ne Malam Hamisu.

Akwai wani kamfanin jima a Challawa, ba sai na kama sunansa ba. A cikin ma'aikatansa akwai Isufu, mutumin Maraɗi, magidanci mai 'ya'ya, wanda ke aiki a kan injin da ke kankare nama daga jikin fata. Helmansu, wato shugaban leburorin sashen, Markus ne, Kirista daga kudancin Zariya. Wata Juma'a Isufu ya dawo daga masallaci a makare, Markus ya yi masa faɗa a gaban mutane, suka yi cacar baki, har aka ji Markus ya ce, "Za ka gani." A makon da ya biyo baya aka ɗauke wuta ana cikin aiki, fata ta maƙale a injin Isufu, ya zura hannu yana ƙoƙarin zaro ta. Markus ya je ya danna makunni. Inji ya tashi ya cinye hannun Isufu na dama har gwiwar hannu.

A kotun yanki Markus bai musa cewa shi ya danna ba, ya dai ce bai san akwai hannun mutum a ciki ba. Amma ma'aikata biyu suka rantse cewa sun ƙwala masa kira, "Tsaya, akwai mutum," ya juyo ya dube su, sannan ya danna. Da aka tambaye su ko sun tabbata ya ji, suka ce dole ya ji, tunda an ɗauke wuta, ɗakin shiru yake. Alƙali ya haɗa wannan da kalmar "za ka gani," ya same shi da laifin ganganci, ya ɗaure shi shekaru masu yawa. Markus ya ɗaukaka ƙara, magana ta zo gabanmu.

Kafin ta zo kuwa ta riga ta fita daga kamfani ta shiga gari, ta sauya kama. A bakin masu shayi da tashoshin mota abin da ake faɗa shi ne an cire wa Musulmi hannu don ya je Juma'a. Ranar sauraro kotu ta cika maƙil da ma'aikatan Challawa da na Sharada, wasu sun bar aikin yini don su zo. Matar Markus da 'yan'uwanta suna gefe guda a takure. Isufu yana layin gaba, an naɗe hannun rigarsa na dama an soke da allura. Na lura Malam ya dube shi sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

Da muka shiga ɗakin shawara na fara, kamar yadda aka saba. Na ce a ganina hukuncin kotun ƙasa yana da tushe. Na ƙara da cewa akwai wani ɗan abu da ya tsaya mini a rai, amma ƙila ba wani abu ba ne. Ban faɗi ko mene ne ba.

Malam ya karɓa, kuma ban taɓa jin ya yi magana da irin wannan tabbaci ba. Ya ce, "Mutum ya yi barazana a gaban jama'a. Ya danna da hannunsa, bai musa ba. Adilai biyu sun ce an gargaɗe shi. Na duba ta ko'ina ban ga ƙofar fita ba. A bar hukuncin yadda yake."

Mai Shari'a Bulus ya ce shi ma haka ya gani. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Kuma ku dubi halin da gari ke ciki. In muka sake shi, ni za a nuna a ce na saki ɗan'uwana. Wuta ta tashi a Challawa, waɗanda ba su ji ba su gani ba su ne za su sha wahala. Gara a bar kaza cikin gashinta."

Malam ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ya ce, "Mai Shari'a, ni ina ganin mutumin nan yana da laifi, amma ba zan sa hannu tare da wannan hujjar ba. In ka ɗaure shi don kada a ce ka fifita naka, to saboda addininsa ka ɗaure shi, daidai da yadda masu surutun waje ke so. Ka ajiye tsoron nan a bakin ƙofa. In abin zargi ya zo, mu uku za mu ɗauka."

Na ga maganar ta shigi Mai Shari'a Bulus. Malam ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma ka ce wani abu ya tsaya maka a rai, ka haɗiye shi. Fito da shi."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, shaidun sun ce dole ya ji kiransu domin an ɗauke wuta, ɗakin shiru. Amma da ya danna, inji ya tashi. In inji ya tashi, ashe wuta ta riga ta dawo. To in ta dawo, shin ɗakin yana nan shiru?"

Malam ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Maimaita." Na maimaita.

Mai Shari'a Bulus ya gyara zama. Ya ce mahaifinsa a wurin haƙar kuza ya yi aiki, shi kuma a bakin irin waɗannan injuna ya tashi. Ya ce, "Akwai waɗanda ba a kashe su, wuta na dawowa da kansu suke tashi. In suka tashi kuwa, ko a kunnenka aka yi ihu ba za ka ji ba."

Malam ya ce, "Wannan zato ne, naka da nasa. Nawa ma ashe zato ne, na ɗauke shi yaƙini. Tunda doka ta ba mu dama, mu je mu gani da idonmu."

Muka sanar da lauyoyin ɓangarorin biyu, aka sa rana, muka tafi Challawa tare da su da rajistara. Wanda ya taɓa shiga majema ya san warin da ke tarbar baƙo tun daga ƙofa. Ƙasa a jiƙe take da ruwan magani, ga tarin fatu ko'ina. Malam ya tattare farar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya shige gabanmu kamar wanda ya saba. Manaja ya so ya zaunar da mu a ofis ya yi mana bayani, Malam ya ce, "Mun gode, ba bayani muka zo ji ba. A nuna mini inda Markus ya tsaya."

Aka nuna masa makunnin, a jikin bango. Ya tsaya a wurin. Aka tsayar da rajistara inda shaidun suka ce suna tsaye. Muka sa aka kashe wutar ɗakin gaba ɗaya, wuri ya yi tsit, har muna jin ɗigar ruwa. Sannan aka mayar da ita. Nan take wasu manyan ganguna na katako da ake juya fatu a cikinsu suka tashi da kansu, ba wanda ya taɓa su, ɗakin ya ɗauki ruri har ƙasa na rawa. Rajistara ya buɗe baki ya ƙwala kira iya ƙarfinsa. Ina tsaye kusa da Malam, bakin rajistara kawai muka ga yana motsi. Malam ya leƙa ta hagu, ya leƙa ta dama, yana neman bakin injin Isufu. Wani ginshiƙi ya tare shi, ba a ganin komai daga nan.

Muna shirin fita Mai Shari'a Bulus ya tsaya a gaban injin, ya shafa wasu ramukan ƙusa da ke bakinsa, ya tambayi manaja me ke nan a da. Manaja ya yi 'yan kame-kame, daga baya ya ce wani murfin ƙarfe ne da ke kare hannu, an cire shi domin yana rage saurin aiki.

Washegari da muka koma ɗakin shawara, kafin in buɗe baki Malam ya ɗaga hannu. Ya ce, "Yau ku yi mini izini in fara, domin ni ne mai gyara. Abin da na faɗa rannan kuskure ne. Na ga hannun bawan Allahn nan, tausayi ya rufe mini ido, na shiga neman wanda zan ɗora wa. Markus bai ji ba, bai gani ba. Da ni kaɗai ke kan kujerar nan, da na bar shi a kurkuku, kuma da na kwana ina ganin na yi adalci." Ya faɗi wannan ba tare da wani nauyin baki ba, kamar mai ba da labarin wani.

Mai Shari'a Bulus, wanda yanzu ransa ya ɓaci da yadda aka kusa kai mu ga zalunci, ya ce to ashe shaidun nan ƙarya suka yi bayan sun yi rantsuwa, ya kamata a rubuta haka, a kuma tuhume su. Ni ma na karkata ga wannan.

Malam ya ce, "A'a, mu bi a hankali, kada mu fito daga rami mu faɗa wani. Sun yi kira, na yarda. Ya juyo, na yarda, domin duk mai kunna inji yakan waiwaya kafin ya danna. Sun ga fuskarsa ta fuskance su, suka ɗauka ya ji. Shirun da suka tuna kuwa na gaske ne, sai dai na kafin wuta ta dawo ne, firgici ya haɗe musu lokutan biyu. Mutum yana iya faɗin gaskiyar abin da ya gani, ya yi kuskure a ma'anarsa. Ni ma ai rannan haka na yi, kuma ba wanda ya ce a tuhume ni."

Muka juya maganar ta kowace fuska, muka ga ita ce ta ɗauke duk abin da ke cikin shari'ar ba tare da ta bar wani abu a waje ba. Muka yarda.

Sai Malam ya kawo magana ta uku. Ya ce, "Mun fitar da mutum ɗaya daga kurkuku. Hannun Isufu fa? A shari'armu hannu yana da haƙƙi ko da bisa kuskure aka yanke shi. Mun ga ramukan ƙusa da idonmu, mun ji manaja da kunnenmu. A umarci kamfani ya biya diyya."

A nan muka rabu da shi, ni da Mai Shari'a Bulus. Muka ce kamfani ba ya cikin waɗanda ke gabanmu, ba a yi ƙararsa ba, ba a ba shi damar kare kansa ba, kuma ƙarar da aka kawo mana ta Markus ce kaɗai. Malam ya ƙi sauka. Muka yini muna kai da komo, ya kawo hujja mu warware, mu kawo ya warware. Ban taɓa ganin ya riƙe magana haka ba, kuma na san ba son cin gardama ba ne, mutumin nan mai naɗaɗɗen hannun riga ne ke gabansa. Can Mai Shari'a Bulus ya ce, "Malam, ku ne fa kullum kuke ce mana ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Ko kamfani ba ya cikin wannan?"

Malam ya yi ɗan murmushi wanda ba na jin daɗi ba, ya ce, "Ka ɗaure ni da igiyata. Gaskiyarku ce." Ya nemi abu biyu kawai: a rubuta abin da muka gani a jikin injin ba tare da an rage komai ba, tare da bayyana cewa sakin Markus bai rufe wa Isufu ƙofar neman haƙƙinsa ba, sannan a bar shi ya yi wa jama'a bayanin hukuncin da Hausa da bakinsa, kada a bar wa tafinta.

Ranar yanke hukunci kotu ta fi cika fiye da ranar farko, har da 'yan sanda a bakin ƙofa. Mai Shari'a Bulus ya karanta da Turanci. Da ya gama, Malam ya fuskanci ma'aikatan nan ya yi musu magana a natse, kamar mai karantarwa a zaure. Ya fara da cewa, "Ni kaina da farko na ɗauka mutumin nan da gangan ya yi, kamar yadda da yawanku kuka ɗauka. 'Yan'uwana biyu suka nuna mini inda ban duba ba, na je na tsaya inda ya tsaya." Ya ba su labarin gangunan, da ginshiƙin, da bakin rajistara da ke motsi ba a jin sauti. Su kuwa mutanen inji ne, sun san abin da yake faɗa. Guna-gunin da ya fara tashi daga baya ya kwanta a hankali. Matar Markus ta rufe fuska da gyale tana kuka.

Sai Isufu ya miƙe. Ɗan sanda ya nufo shi, Malam ya ɗaga hannu a ƙyale shi. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji. To ni wa ya yanke mini hannu?"

Malam ya ce, "Isufu, wanda ya cire murfin injin nan yana da amsar da zai ba ka, amma yau ba ya gabanmu, kuma ba mu da ikon hukunta wanda ba mu saurara ba. Mun rubuta abin da muka gani. Ƙofa a buɗe take ka kawo ƙararsa. Na so in ba ka fiye da haka, ban samu hanya ba."

Isufu ya daɗe yana dubansa, sannan ya gyaɗa kai ya zauna.

Ba a yi tarzomar da aka ji tsoro ba, amma Malam ya sha magana. Wani abokin karatunsa tun na ƙuruciya ya daina zuwa gidansa. Wani kuma ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce ya bi bayan bare ya bar nasa. Malam ya amsa masa da cewa, "Da na ɗaure wanda bai yi laifi ba, hannun Isufu ba zai tsiro ba, sai dai a samu gidaje biyu da ba mai ciyar da su." Ya sa takalmansa ya tafi.

Abin da muka rubuta ya kai ga masu duba lafiyar masana'antu, suka je, aka mayar da murafan injuna a wannan kamfani da wasu maƙwabtansa. Markus bai koma aikin ba, ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Isufu ya shigar da ƙara, aka yi ta jan ta har ya gaji, ya karɓi ɗan abin da aka ba shi a wajen kotu ya koma Maraɗi. Ba mu sake jin labarinsa ba. Duk lokacin da wani ya yabi Malam a kan wannan shari'a, sai ya ce, "Rabin adalci muka yi, shi ma da ƙyar, kuma mu uku muka haɗu muka ɗaga shi."

Na daɗe ina tunanin wannan kalma tasa. Ni na ga ɗan tsagin da ke cikin shaidar, amma da an bar ni da na haɗiye shi. Mai Shari'a Bulus ya san injuna, amma tsoron bakin mutane ya kusa hana shi amfani da saninsa. Malam ya fi mu sanin zuciyar ɗan Adam, amma tausayi ya ja shi ya yanke tun kafin ya gama dubawa, kuma daga baya da ya so ya wuce iyakar ikonmu sai da muka riƙe shi. Ba ɗayanmu da zai kai ga gaskiyar shi kaɗai. Sai dai na zauna da alƙalai da yawa bayan haka, uku-uku da biyar-biyar, na kuma gane cewa yawan kujeru ba shi ke kawo wannan ba. Akwai zaman da babba ke magana saura su gyaɗa kai, akwai wanda kowa ke shigowa da hukuncinsa a aljihu ya fita da shi. Sai an samu mutum ɗaya a ɗakin wanda ya fi son a gano gaskiya a kan a ce shi ya gano ta, sannan saura su samu ƙarfin halin buɗe baki. A ɗakinmu Malam ne wannan mutumin.

Ranar sadakar uku Mai Shari'a Bulus ya iso daga Jos, inda ya koma bayan ya bar aiki. Ya tsufa, yana dogara sanda. Babban ɗan marigayin, Malam Kabiru, ya shigar da mu cikin gida mu yi wa mahaifiyarsu, Hajiya Rabi, gaisuwa. Muka zauna a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki a kan tabarma da carbi a hannu. Mai Shari'a Bulus ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Na yi shekaru ina gardama da mijinki, ban taɓa fita daga wurinsa da ƙullin zuciya ba."

Ta ce, "Ai na san ku tun ban gan ku ba. Bai taɓa gaya mini abin da ke cikin shari'a ba, amma ina gane yadda zama ya kasance daga shigowarsa. Ranar da ya shigo shiru, na san maganarsa aka bi, yana ta juya ta ko akwai abin da ya tsere muku duka. Ranar da kuwa ya shigo da fara'a yana tsokanar yara, na san an kayar da shi. Sai ya ce mini, Rabi, yau abokaina sun sauke mini wani kaya da zan ɗauka gobe ƙiyama."

Mai Shari'a Bulus ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya Allah, ga bawanka Hamisu ya zo gare ka, kai ne Alƙalin da ba ya bukatar shawara kuma ba abin da ke ɓuya gare shi. Ka yi masa hukunci da rahamarka, ka yafe masa abin da ya kuskure, ka ninka masa ladan abin da ya dace. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Rabi haƙurin wannan rabuwa, ka zama gatanta. Ka albarkaci Malam Kabiru da ƙannensa maza da mata, ka haɗa kansu, ka rufa musu asiri. Isufu kuma, duk inda yake, ka isar masa da abin da mu muka kasa. Mu da muka rage a kan kujerun nan, ka ba mu abokan zama masu faɗa mana gaskiya, ka ba mu zuciyar karɓa, ka sa mu cika da imani. Amin.